Hannu a Mashigin Gilmour

Ni na kawo sharaɗin da bakina, don haka ba ni da wanda zan zarga, kuma wannan ya fi komai ɓata mini rai.

'Yata Narelle ta zo daga Townsville, ta tsaya a kicin ɗina da jaka a kafaɗa kamar wadda jirgi ke jira.

"Baba, likita ya ce idonka na hagu ya soma hazo. Ka daki shingen maƙwabta. Ka kusa taka karen Misis Doolan."

"Karen nan ya daɗe yana neman mai taka shi."

"Ba wasa nake yi ba. Ka ba ni makullin motar nan, ka dawo wurinmu. Darren ya gyara maka ɗakin baya, har da kantar littattafai."

Darren mijinta ne. Mutumin kirki ne, irin kirkin da ke sa mutum hamma. Na yi shekaru ina koyar da adabi a sakandaren Hughenden, na ga yara irinsa da yawa, ba sa faɗuwa jarrabawa, ba kuma wanda ke tuna sunansu.

Na ce mata, "To, ga magana. Damina ta wuce, hanya ta buɗe. Zan tuƙa mu zuwa tafkin da ke bayan Rafin Gilmour, mu kwana, in dawo da mu. In mota ta dawo da ƙafafunta, kin bar maganar makulli har abada. In ba ta dawo ba, makulli naki ne, ni ma naki ne, ki ajiye ni a kanta tare da littattafan."

Ta dube ni da irin kallon uwarta, ta ce ta yarda.

Glenys, matata, ta rasu bara waccan. Ciwon daji ne, kuma bai yi gaggawa ba. Bayan jana'iza matan gari suka yi ta kawo mini abinci a kwanoni, kowace da fuskar tausayi, har na fara ɓuya in na ji ƙarar takalmi. Na karanta abin da mutane da dama suka rubuta game da rashi. Yawancinsu, a ganina, ba su taɓa wanke kofi ɗaya a gidan da aka saba wanke biyu ba.

Motar ita ce ta rage. Tsohuwa ce mai ja da ƙafa huɗu, mai shan dizal, da bututun shan iska a tsaye gefen direba. Glenys ta sa mata suna Gwaggo, wai don tana ƙorafi kullum da safe amma ba ta taɓa barin kowa a hanya ba. Tun farkon aurenmu, duk shekara in ruwa ya janye, mukan ɗaura tanti da tukwane mu tafi tafkin nan. Babu komai a wurin sai itatuwan turare da fararen aku masu ihu, da ƙudaje. Amma nan ne kaɗai na san Glenys ta taɓa yin shiru don daɗi.

Kafin a kai tafkin sai an ƙetare Gilmour, kuma ƙetare ruwa aikin mutum biyu ne. Ɗaya ya tuƙa, ɗaya ya taka. Ni ne mai tuƙi. Glenys takan naɗe siket, ta danna hularta, ta ɗauki sanda ta shiga. Ta bi sawun taya ɗaya ta haye, ta dawo ta ɗayan, sannan ta koma tsakiya ta tsaya ta fuskance ni. In na shigo, sai ta riƙa nuna mini ramuka da hannu, ɗaya bayan ɗaya, kamar mai nuna ɓarawo a kasuwa, ni kuwa in kauce musu. Ba ta taɓa nuna mini inda zan bi ba. Cewa take hanya aikin direba ce, nata aikin ta gaya mini inda zan mutu. Haka ta tafiyar da aurenmu ma, kuma ban ga wanda ya fi shi ba.

Muka tashi ni da Narelle da sassafe. Kwalta ta ƙare, jar ƙasa ta karɓe mu. Na tuƙa da kyau, ina so a san wannan. Kangaru ya faɗo mana daga ciyawa, na gan shi kafin ta gan shi, na kuma tabbatar ta san na riga ta.

Rafin yana cikin gonar shanun Bev Hanrahan, kuma ba a shiga ƙasar mutum ba a yi sallama ba. Muka same ta a bayan rumbu tana faɗa da famfo. Mace ce gajeriya mai murya kamar ana jan buhun tsakuwa, ita ma mijinta ya daɗe da rasuwa.

"Alec Prowse! Ashe kana raye? Na ɗauka an binne ka da littafi a hannu."

"Sun gwada, Bev. Na ce su bari in gama babin."

"Wannan Narelle ce? Zo nan, 'yar nan. Kai, kin ɗauko fuskar Glenys. An taimake ki da ba ki ɗauko ta wannan ba." Ta goge hannu a wando. "An yi ruwa a kan tsaunuka makon jiya. Gilmour ya cika, bai gama sauka ba. Kuma bana ya yi ta kwasar yashi yana sauya wa ramuka wuri. Ku taka shi kafin ku shiga."

"Na san rafin nan, Bev."

"Ka san na bara waccan. Wannan baƙo ne."

Rana ta kai tsaka muka isa mashigin. Ruwan ja ne kamar shayi da madara, yana tafiya a hankali, yana ɗauke da ganye da kumfa. Na kashe mota. Ba a shiga ruwan sanyi da ƙarfe mai zafi, sai an bar ƙafafun sun huce, in ba haka ba su zuƙi ruwa. Wannan jiran shi ne lokacin shayi. Na kafa tsinke a daidai bakin ruwa don in ga ko yana hawa ko sauka, na hura wuta, na ɗora gwangwanin shayi.

Narelle ta zauna a kan dutse tana korar ƙudaje. Ta fito da oba-oba guda biyu daga jaka, sababbi, har da ledarsu.

"Darren ya ce mu yi amfani da waɗannan. In ina cikin ruwa sai in riƙa yi maka magana."

"Ban taɓa ƙetare ruwa ana yi mini surutu a kunne ba."

"Mun je horo da ƙungiyarsu ta masu motocin daji, Baba. An koya mana komai, har takarda aka ba mu."

"Madalla. Ki nuna wa rafin takardar, wataƙila ya matsa."

Na karɓi nawa na jefa shi cikin aljihun mota. Ta yanka burodi, ta buɗe naman gwangwani, ta miƙo mini. Ta yanka shi da kauri, ita kuwa Glenys sirara take yi, amma na ci.

Can ta ce, "Ka san ba don in hukunta ka nake yi ba."

"Na sani. Don ki huta ne."

"Duk lokacin da waya ta yi ƙara sai gabana ya faɗi. Na rasa Mama. Ba na son a kira ni a ce an same ka a kwalbati."

"Gara kwalbati da ɗakin baya."

"Ka taɓa tambayata yadda nake tun da ta tafi?"

Ban taɓa ba. Na tashi na je na duba tsinken. Ruwa ya ja baya da shi kaɗan, kamar faɗin yatsa. Sauka yake yi.

Muka ɗaure tamfol a gaban motar don kada ruwa ya daki lagireto. Narelle ta ɗaure igiyar ja a baya ta naɗe ta a kan rufi, ta ce haka aka koya musu, kuma gaskiya dabara ce mai kyau, ko da yake ban faɗa ba. Sannan ta cire agogo, ta danna hularta, ta tsinci sanda, ta shiga. Na tsaya ina kallon bayanta. Ruwa ya kai mata gwiwa, ya kai cinya. Tana tafiya tana caka sanda a hankali. A wani wuri ta daɗe tana lalube, ta ja baya, ta kewaya. Ta haye, ta dawo ta ɗaya sawun, wandonta na zuba.

"To, saurara, Baba. Daga nan har tsakiya ƙasa tsakuwa ce, lafiya lau. Amma da ka wuce wancan kututturen..."

"Narelle, na ƙetare ruwan nan kina cikin zanin goyo. Koma ki tsaya a tsakiya, ki nuna mini da hannu. Abin da ake yi ke nan."

"Bari in gama mana!"

"Da hannu."

Ta yi tsaki irin wanda ta daina yi mini tun tana sakandare, ta juya ta koma ruwa.

Na shiga mota. Na sauke gilasai duka, na kwance bel, na sa ƙaramin giya. Ka'idar ba ta da yawa: kada ka taɓa kuloci, kada ka canza giya, kada ka tsaya, ka tafi da saurin da zai sa ruwa ya taru a gabanka ya riƙa tafiya kana binsa. Gwaggo ta yi tari ta tashi. Muka gangara.

Ban san yadda zan faɗi daɗin wannan ba. Tayoyi suka kama tsakuwa, ruwa ya tashi a gaban tamfol ya yi tudu mai kyau, motar na gurnani a ƙasa-ƙasa. Tun ranar jana'iza ban ji ni mutum ne mai amfani ba sai a wannan lokacin. A gabana ga mace tsaye cikin ruwa har cinya, da hula, da sanda, rana a bayanta.

Na kai kututturen. Ta ɗaga hannu ta nuna wajen sama, inda ruwa ke fitowa. Ta nuna da ƙarfi, ta sake nunawa.

Sai na karya sitiyari wajen gangare.

Ban yi tunani ba, hannuna ne ya yi abin da ya saba. Na ga ta buɗe baki, tana kaɗa hannun wajen sama kamar za ta cire shi, ni kuwa na ce a raina lalle ramin babba ne, na ƙara kaucewa. Tayar gaba ta dama ta rasa ƙasa. Motar ta sunkuya ta gefena a hankali, kamar saniyar da za ta kwanta. Ruwa ya haye kan bonet, ya shigo ta taga ya zauna mini a cinya, sanyinsa ya ɗauke mini numfashi. Mahaɗin bututun iska ya tsufa, na daɗe ina cewa zan sauya shi. Injin ya yi wata ƙara guda ɗaya, kamar an buga guduma cikin ganga, ya yi shiru.

Sai kukan ruwa kawai, da aku a kan bishiya.

Narelle ta iso ta ɗaya tagar, ta kama kwalar rigata ta ja. Ban san tana da ƙarfi haka ba. Na fito ta taga kamar buhu, ta riƙe ni a ƙugu muka lallaba zuwa gaɓar da muka fito. Na zauna a yashi ina tari. Kofunanmu na roba suka fito ta tagar baya, suka bi ruwa ɗaya bayan ɗaya.

"Me ya same ka?" Tana ihu tana kuka a haɗe. "Na nuna maka sama! Sama, sama! Makaho ma ya ga hannun nan!"

"Na gani."

"To me ya kai ka cikin ramin?"

"Kin nuna mini rami, na kauce."

"Na nuna maka hanya! Kowa hanya yake nunawa! Haka ake yi a ko'ina, inda hannu ya nuna nan za ka..."

Ta tsaya. Ta share fuska da bayan hannu, ta dube ni.

"Mama rami take nunawa?"

"Tun kafin a haife ki."

"Ban sani ba." Ta zauna kusa da ni a yashin. "Kullum ina kujerar baya na rufe ido. Tsoron ruwan nake ji. Ban taɓa kallonta ba ko sau ɗaya."

Ni ma ban taɓa sanin akwai wata hanyar yi ba. Na karanta tarihin daulolin da suka shuɗe, na san sunayen kogunan ƙasashen da ban taɓa zuwa ba, amma ban san cewa matata ce kaɗai a duniya ke yin alama a juye ba. Ba wanda ya taɓa taka mini ruwa sai ita.

Narelle ta hau tudu da oba-obanta, ta daɗe tana kira kafin Bev ta amsa. Muka jira. Na cire takalmi na zubar da ruwa. Gwaggo na tsakiyar rafi a karkace, ciyayi sun fara taruwa a jikin madubinta. Daga inda nake zaune ina hango hanyar da ta haura ɗaya gaɓar ta shige cikin itatuwa. Tafkin ba shi da nisa ga mai mota.

Bev ta zo da tarakta, wani ma'aikacinta na biye da a-kori-kura. Ta tsaya a gaɓa ta riƙe ƙugu.

"Alec, na ce ka taka shi, ban ce ka yi wa motar wanka ba."

"Ta daɗe ba ta yi ba."

"Wa ya ɗaure igiya a rufi? Ba kai ba ne, na sani. Sannu, 'yar nan, kin hutar da ni nutso."

Suka ja ta da baya. Da ta fito muka buɗe ƙofofi, ruwa ya zubo da laka da ganye, har da wani ƙaramin kifi da ya yi ta tsalle a yashi sai da Bev ta shure shi ya koma. Ta buɗe bonet, ta cire matatar iska, ta matse ta kamar soso. Ta sa sifana ta gwada juya injin da hannu, ya ƙi ko motsi. Ba ta yi wasa ba wannan karon.

"Ya sha ruwa, wani ƙarfe ya lanƙwashe a ciki. Sai dai sabon inji, kuma irin nata sai an tona." Ta dafa murfin. "Glenys ta so tsohuwar nan."

Narelle ta ja ni gefe, ƙarƙashin wata bishiya. Ta daina kuka, hancinta ya yi ja.

"Baba, wannan ba ya cikin sharaɗi. Ba idonka ba ne. Ni ma da laifina, da na dage na gama maganar. Za mu nemi inji, Darren ya san mutane. Ka riƙe makullinka."

Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa yake yi, kuma na so in kama. Ba abin da ya hana ni sai abin da na sani.

"Idona ya ga hannun sarai," na ce. "Wadda ya gani ce ba ke ba, uwarki ya gani."

Na ci gaba kafin ta katse ni.

"Ko an sa sabon inji, ko kin zana mini a allo, in na shiga ruwa na ga mace da hula ta ɗaga hannu, kaucewa zan yi. Yau a rami na faɗa. Da kina tsaye ta wancan gefen, ke zan hau."

Makullin na jikin motar. Na je na zare shi, da ɗan ƙarfen buɗe kwalba da ke rataye da shi tun ban san yaushe ba. Na tsaya da shi a hannu. Ya kamata in ba Narelle, haka muka yi da ita. Amma mutum ba ya sauya hali a wuni ɗaya, sai na miƙa wa Bev.

"Ki cire abin da zai yi miki amfani. Tayoyin sababbi ne. Sauran ki bar wa kaji su yi ƙwai a ciki."

"Ka tabbata, tsoho?"

"Karɓi kafin in yi jawabi."

Ta karɓa ta sa a aljihun riga. Narelle ta juya baya tana tattara jiƙaƙƙen tanti, kafaɗunta na rawa. Na je na kama mata ɗaya bakin. Muka ninke shi tare, ba mu yi daidai ba, muka sake.

Ma'aikacin ya tafi da tarakta yana jan Gwaggo. Mu kuma Bev ta ɗauke mu a a-kori-kura, ta ce za mu kwana gidanta, gobe ta kai mu gari. Kujera ɗaya ce doguwa. Narelle ta shiga tsakiya don gwiwoyina su sami wuri, na zauna ta bakin ƙofa da takalmana a cinya. Bev na ta ba da labarin wani bijiminta da ya tsallake shinge, Narelle na cewa "to" da "ash" a inda ya dace. Ni ina kallon ciyawa tana wucewa. Ban taɓa lura tana da tsawo haka ba, direba hanya yake kallo.

Can motar ta rage gudu ta tsaya. Ƙofar shingen shanu ce a gabanmu, ta waya da sanduna, a rufe. Bev ta bar injin na aiki. Na jira, ina mamakin abin da ake jira.

A ƙasar nan direba ba ya sauka. Wanda ke zaune bakin ƙofa shi ke buɗe shinge, ya jira mota ta wuce, ya rufe. Da za mu shigo Narelle ce ta buɗe wannan, ban ko dubi yadda ta yi ba.

"Bari in..." Narelle ta fara, tana neman tsallake ƙafafuna.

"Zauna," na ce.

Na sa takalma ba safa, na sauka. Wata waya ce aka lanƙwasa ta kama kan sanda, da guntun ƙarfe da aka maƙala a jikinta don ɗaurewa. Na ja, ta ƙi. Na tura, ta ƙi. Na ɗaga ƙarfen sama, wayar ta ƙara tsukewa ta cije mini yatsa. Rana na dukan ƙeyata, shanu biyu sun matso suna kallo.

Bev ta leƙo ta taga. "Rungumi sandar da kafaɗa, Alec! Matse ta tukuna, sannan ka zare!"

Na rungumi sandar na matse, ina jin tsatsa a kumatuna. Wayar ta saki. Na ja ƙofar cikin ƙura, ta yi ta harɗewa a ƙafafuna, na tsaya a gefe riƙe da ita. Motar ta wuce ni, ta tsaya can gaba tana jira in rufe.